Kafin Ka Ba Fim Ɗin Abokinka Maki Goma

Ƙannena maza da mata, akwai wani wasa da na lura ya shiga tsakanin wasunku, musamman ɗaliban da ke karatu a nan Dutse da waɗanda suka gama suna jiran aiki. Mutum zai zauna ya ƙirƙiri fim a wayarsa. Ya raɗa masa suna, ya rubuta labarin, ya raba wa jaruman Kannywood matsayi ba da saninsu ba, wani lokaci har ya haɗa fosta. Daga nan sai abokai su karanta, su yi masa sharhi kamar yanzu suka fito daga sinima, su ba shi maki. Ba a kafa kyamara ba, ba a je lokeshan ba, ba a kashe ko kwabo ba in ban da kuɗin data.

Manya da yawa suna ɗaukar wannan ɓata lokaci ne kawai. Ni ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda kuke yin sharhin, domin a nan ne wasan zai amfane ku ko ya cuce ku.

Kusan kowane fim da kuka taɓa kallo ya fara zama a takarda, wani ma ya daɗe a can. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar ne don gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. An buga littafin a 1934. Sai a 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim, shekara 42 ke nan labarin yana jiran kyamara. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990 kuma ake lissafa shi a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo, sai da Aminu Hassan Yakasai ya zauna ya rubuta shi kafin Salisu Galadanci ya ba da umarni. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu duk sun zaga hannun masu karatu kafin su hau talabijin. A Amurka kuwa, karanta fim ɗin da ba a ɗauka ba sana'a ce da ake cin abinci da ita. Kamfanoni suna biyan mutane su karanta rubutun finafinai, su rubuta rahoto a kan kowanne, su ce a jefar, ko a sake dubawa, ko a saya. A 2005 wani ma'aikacin masana'antar mai suna Franklin Leonard ya fara tambayar abokan aikinsa su zaɓi rubuce-rubucen da suka fi burge su cikin waɗanda ba a ɗauka ba, abin da ya zama jerin da ake kira Black List. Slumdog Millionaire da The King's Speech da Argo da Spotlight duk sun bi ta wannan jeri, kuma kowannensu ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim daga baya.

Saboda haka abin da kuke yi da wasa, wasu suna yin sa da albashi. Bambancin kawai shi ne su sun san nauyin da ke kansu.

Sharhi shaida ce. Idan ka rubuta cewa labarin wane ya yi kyau, ka tsaya ne a gaban jama'a ka ce ka gani da idonka, kuma ga abin da ka gani. To, mutum nawa ne a cikinku suke karanta labari har ƙarshe kafin su ba shi maki? Abin da na fi gani shi ne ba ni gishiri in ba ka manda: ka ba ni goma yau, in ba ka goma gobe. Sharhin bai wuce layi biyu ba, “gaskiya ka yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira,” sai hoton wuta da na tafi. Addu'ar tana da kyau, kada ku daina. Amma marubucin ya tashi bai san ko fitowa ta uku ta yi tsawo ba, bai san cewa jarumarsa ta canza hali a tsakiyar labari babu dalili ba, bai san cewa tun shafi na biyu mai karatu ya gano ƙarshen ba. Ya tafi da maki goma da kuskurensa cikakke. Idan ya ci gaba a haka shekara uku, ranar da zai kai rubutunsa gaban furodusa na gaske a Kano, a ranar zai ji abin da ya kamata ku gaya masa tuntuni, kuma zai ji shi daga bakin wanda ba ya tausayinsa. Wanda ya ba da maki a kan abin da bai karanta ba ya yi shaidar zur, ko da kuwa abin wasa ne, kuma wanda ya fara cutarwa shi ne abokin nasa.

Akwai wani nau'in sharhi da ya fi wannan ruɗi, domin yana kama da na masana. Shi ne wanda zai ce, “Ali Nuhu ya taka rawar gani a wannan fim, musamman inda ya yi kuka,” ko “sautin ya ratsa zuciya,” ko “mai ɗaukar hoto ya cancanci yabo.” Ali Nuhu bai san da fim ɗin ba. Ba a yi kiɗa ba, ba a ɗauki hoto ba. Abin da mai sharhin ya yaba shi ne tunaninsa game da finafinan da ya kalla a baya, marubucin kuma ya karɓi yabon da ba nasa ba. Na san cewa wani ɓangare na daɗin wasan ke nan, kuma ban ce a hana ba. Wani marubuci ɗan ƙasar Folan, Stanislaw Lem, ya fitar da littafi guda a 1971 wanda yawancinsa sharhi ne a kan littattafan da ba a taɓa rubutawa ba, kuma har yau ana karanta shi. Sai dai shi babu wani marubuci mai rai da ke jiran hukuncinsa. Ku kuwa akwai: yaro ko yarinya da suka hana idonsu barci suka rubuta shafi ashirin. In za ku yi wasan jarumai, ku yi shi a layi ɗaya ku wuce. Ragowar sharhin ya tsaya a kan abin da ke shafin, domin shi kaɗai ne aikin hannun marubucin.

Me ake dubawa a shafin? Abu na farko shi ne ko abin da aka rubuta ido zai iya ganinsa, kunne ya ji shi. A nan yawancin marubutanmu ke tuntuɓe, saboda mun taso da littafi, kuma littafi yana da izinin shiga zuciyar mutum. A littafi za ka iya cewa zuciyarta ta karaya, ta tuna irin wahalar da mahaifiyarta ta sha. Kyamara ba ta san zuciya ba. A ce abokinka ya rubuta labarin wata ɗaliba 'yar Kiyawa da ta samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, mahaifinta kuma ba shi da kuɗin rajista, sai ya rubuta cewa uban ya shiga matsananciyar damuwa. Aikinka shi ne ka tambaye shi: me zan gani? In ya dawo ya rubuta cewa uban ya tashi da asuba ya kwance tunkiyar da yake kiwo don layya, ya ja ta zuwa kasuwar Shuwarin, 'yar kuma tana leƙensa ta taga ba ta ce komai ba, to yanzu an samu fim. Tambayarka guda ɗaya ce ta haifar da wannan fitowar, kuma ta fi masa maki goma amfani.

Sannan ka duba ko ka san abin da jarumin yake so da abin da ya tare masa hanya. Idan ka kai shafi na biyar ba ka iya faɗin wannan a jimla ɗaya ba, ka gaya wa marubucin. Ka karanta maganganun da ƙarfi, da bakinka, ka ji ko haka mutane ke magana. Tsohuwa a Jahun ba ta yi wa jikanta magana da Hausar labaran rediyo, ɗan acaɓa ba ya jera karin magana uku kafin ya faɗi kuɗinsa, kuma matar aure ba ta tsaya tana gaya wa mijinta shekarun da suka yi tare don kawai mai kallo ya sani. Ka kuma riƙe ma'aunin da masu sana'ar ke aiki da shi, cewa shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo. Gaisuwar da ta ci shafi uku ta ci minti uku na rayuwar mai kallo.

Tela yakan zana da alli kafin ya sa almakashi, domin kuskuren da aka gani a alli ana goge shi da yatsa, wanda aka gani bayan yanka kuwa ya ci yadi. Ku kuna a matakin alli ne. Darakta da ya kwashi mutum talatin ya kai lokeshan, ya biya abinci da man janareta, ba shi da damar da kuke da ita ta cewa a sake rubuta rabin labarin. Abin takaici ne a samu wannan dama a kashe ta da tafi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai. Ina labaranku suke faruwa? Yawancin waɗanda na karanta suna faruwa ne a wani katafaren gida mai bene a Abuja, ko a Dubai, ko a wani gari marar suna wanda kowa a cikinsa ke da mota da mai gadi. Marubucin kuwa a Takur yake kwana, ko Fagoji, ko Gida Dubu. Ban ce haramun ne mutum ya yi mafarki ba. Amma gidan Abujan nan ba daga idonsa ya samo shi ba, daga wani fim ya aro, wanda shi ma ya aro daga wani. Shi ya sa falon yake zama iri ɗaya a labari goma, Alhajin ma iri ɗaya.

Ku dubi inda kuke zaune. An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ce wa garin da bai shirya ba ya zama babban birni. Ma'aikata suka taso daga Kano, da yawa suka bar iyalansu a can, suna zuwa Litinin suna komawa Juma'a. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana raba rayuwarsa tsakanin gari biyu, me ya faru da gidansa, me 'ya'yansa suka sani game da shi? Wannan fim ne mai dogon zango, kuma ban ga wanda ya fi ku cancantar rubuta shi ba. Ga manomin da ya sayar da gonar gado lokacin da gari ya iso ta, kuɗin suka ƙare, yanzu yana gadin ginin da aka yi a kanta. Ga jami'ar da aka kafa a 2011 ta kawo samari da 'yan mata daga kowace kusurwa ta Nijeriya cikin unguwannin da da can kowa ya san kowa. Ga ambaliyar 2022 da ta raba dubban mutane da gidajensu da gonakinsu a jihar nan. Ga masu dabino, ga fadar Garu da duwatsun da ke kewaye da ita, ga zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsun Birnin Kudu, wanda baƙi ke tahowa daga nesa su gani alhali yaran garin da yawa ba su taɓa zuwa ba. Wanda ke zaune a Kano ko Kaduna zai iya fin ku sanin kyamara, amma ba zai fi ku sanin yadda hasken la'asar ke sauka a kan duwatsun Dutse ba, ko yadda ake ciniki a Gujungu. Don haka idan abokinka ya kawo labarin gidan bene, ka tambaye shi cikin ladabi: wane gari ne wannan, kuma me ka sani game da shi wanda ni ban sani ba? In ba shi da amsa, ka rubuta haka a sharhinka.

Haka nan maganar wankiya. Tsohuwar cuta ce a finafinanmu, a ɗauko fim ɗin Indiya a canza sunaye a ce an yi sabo, kuma yanzu da fassarar finafinan Indiya ta cika wayoyi, kowa ya san asalin. In ka gane inda aka ɗauko labari, ka faɗa, ka ambaci sunan fim ɗin. Yin shiru a nan taimaka wa ɓarna ne. Haka idan ka ga alamar manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta, ka tambaya kai tsaye. Wasan na koyon rubutu ne, wanda ya ba na'ura ta rubuta masa kuwa bai koyi komai ba ko da ya zo na ɗaya.

To amma kada wani ya ji wannan ya ɗauka na ba shi lasisin cin mutunci. Akwai masu ganin cewa zafin harshe shi ne alamar ilimi, su kira aikin mutum shara, su yi masa dariya a gaban jama'a, su ce gaskiya suka faɗa. Gaskiyar da ba ta nuna wuri ba ba ta da amfani. “Labarin nan bai yi ba” zagi ne. “A fitowa ta shida ka ce ba ta san shi ba, a ta tara kuma ta kira sunan ƙanwarsa” gyara ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka fara da abin da ya yi kyau, ka faɗe shi da hujja kamar yadda za ka faɗi aibi da hujja, domin marubuci yana buƙatar sanin abin da zai riƙe. Ka soki rubutu, ka bar mai rubutu, da garinsu, da makarantarsu, da kasancewarta mace. Wannan na ƙarshe ina roƙon samari su kula da shi sosai. Mata ne suka riƙe rubutun zube na Hausa shekaru da dama, tun zamanin su Balaraba Ramat da Bilkisu Funtuwa, kuma tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa take fito da sababbi. Yarinyar da aka yi wa dariya a rubutunta na farko sau da yawa ba ta sake nuna na biyu, mu kuma ba za mu taɓa sanin abin da muka rasa ba.

Suka mai zafi ba baƙuwa ba ce a adabinmu. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan soyayya na lokacin Adabin Kasuwar Kano, aka shafe shekaru ana fafatawa a jaridu, su Abdalla Uba Adamu suna kare marubutan. An yi zafi ƙwarai, amma kowane ɓangare ya karanta abin da yake magana a kai, shi ya sa har yau ɗalibai ke nazarin muhawarar. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 ta zama ma'ajiyar tarihin masana'antar ne saboda an rubuta abin da aka gani. A Faransa, François Truffaut ya fara ne da sharhi a mujallar Cahiers du Cinéma, kuma zafin alƙalaminsa ya sa aka hana shi halartar bikin finafinai na Cannes a 1958. A 1959 ya koma bikin da fim ɗinsa na farko, ya ci kyautar gwarzon darakta. Shekarun da ya yi yana tantance aikin wasu su ne makarantarsa. Wannan ita ce ribar da mai sharhi ke samu wadda ba a cika faɗa ba: duk lokacin da ka gano dalilin da ya sa fitowar wani ta mutu, ka koyi yadda za ka raya taka.

Kai kuma da aka yi wa sharhi, kada ka mayar da martani a daren. Ka kwana, ka sake karantawa. In mutum ɗaya ya ce wuri kaza bai gane ba, wataƙila shi ne bai lura ba. In mutum uku suka faɗa, laifin na shafin ne. Ba dole ne ka karɓi maganin da suka ba ka ba, amma ka yarda cewa akwai ciwo a wurin.

Abu biyu kuma a taƙaice. Fostar da kuka haɗa da fuskar jarumi ko jaruma na gaske tana iya fita daga hannunku, ta zaga wayoyi, mutane su ɗauka fim ne na gaske. In matsayin da kuka ba su na rashin mutunci ne, kun shafa wa bayin Allah abin da ba su ji ba ba su gani ba. Ku rubuta a jiki cewa ƙirƙira ce, ko ku bar fuskokin mutane gaba ɗaya, kuma kada ku sa sunan malami ko maƙwabci ko wata 'yar ajinku a cikin labari. Na biyu, ku adana rubutunku da kwanan wata. Dokar haƙƙin mallaka tana kare abin da aka rubuta ne, ba ta kare tunanin da ke cikin kai ko wanda aka faɗa a hira. Kuma wasan da ya ci lokacin salla ko na jarrabawa ya wuce gona da iri, wannan kun san shi ba sai na tsawaita ba.

Kasuwar da kuke mafarki tana nan kuma tana neman marubuta. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan finafinai masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira suka mamaye YouTube, buƙatar labari ta ninka, domin shirin da ke fita kowane mako yana cin rubutu fiye da yadda fim ɗin kaset ya taɓa ci. Masu kyamara sun yi yawa, masu son fitowa a fim sun fi su yawa. Wanda ya iya zama ya gina labari, da wanda ya iya karanta shi ya ce ga inda ya karye, su ne ƙalilan.

Roƙona gare ku shi ne a zagaye na gaba ku sa wa kanku sharaɗi: labari kada ya wuce shafi goma, ya faru a cikin Dutse ko ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma kada kowa ya ba da maki sai ya karanta sau biyu ya kawo hujja daga shafin. Wanda ya fi tsayuwa bayan an gyara shi, ku haɗa kuɗin mota, ku nemi izinin masu wuri, ku ɗauke shi da wayar da ke hannunku. Allah ya yi muku albarka, ya sa mu ga sunayenku a allo.